Idon kyamara ma sai an gwada: yadda muka sayi ta ƙungiyarmu

Ƴan uwa mata na ƙungiyoyin asusu, na cikin garin Damagaram da na karkara. Labari ya kai wa wasunku cewa ƙungiyarmu ta sayi kyamara, har an fara aiko mana da tambayoyi: nawa kuka saya, me za ku yi da ita, yaya aka yi kuka san mai kyau ce? Shi ya sa muka ce bari mu rubuta abin da ya gudana tun daga farko, don wadda za ta sayi kyamara, ko ma waya saboda hoto, ta samu abin riƙewa kafin ta miƙa kuɗi.

Mu 30 ne a ƙungiyarmu, akasarinmu ƴan Zango ne, kaɗan daga Birni da Sabon Gari. Kowane mako kowacce tana zuba dala 100, wato jikka 15 ke shiga akwati idan kowa ta kawo. Tsarin da muke bi shi ne na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maradi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, kuma ku ma kun san shi: akwati mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, kuɗi a ƙirga a gaban kowa. Kyamarar da muka yi niyya ta hannu ce, wadda ake cewa okaziyo, kuma mun ware mata jikka 120. Ku lissafa ku gani, zubin mako takwas ke nan na mutum 30. A cikin wannan kuɗi akwai na mai ƙosai, akwai na mai wankau, akwai na bazawarar da ke riƙe da marayu huɗu.

Dalili biyu ne suka kai mu ga wannan shawara. Na farko kayan sana'armu. A cikinmu akwai masu ɗinkin zanen gado, masu saƙar faifai, masu turaren wuta da humra, masu alkaki da nakiya, da waɗanda ke sayar da jaka da takalmin fata da mazajensu dukawa ke ɗinkawa. Yanzu ciniki ya koma WhatsApp. Mai saye tana Yamai ko Agadas ko Kano, hoto kawai take gani. An taɓa dawo wa ɗayarmu da zanen gado daga Yamai, wai a hoto ja ne, da ya iso sai ta ga ruwan ƙasa. Kuɗin mota zuwa da dawowa duk a kan ƴar uwarmu ya faɗa.

Na biyu shi ne biki da suna. Gidaje da yawa ba sa yarda namiji mai hoto ya shiga cikin gida ranar lalle ko ranar wuni, kuma da gaskiyarsu. Ga mu da ƴan mata biyu, ƴaƴan ƴan ƙungiya, sun gama lekol suna zaune. Muka ce in sun koyi ɗaukar hoto, sun samu sana'a, mata sun samu mai ɗaukarsu ba tare da sun takura ba, akwati kuma ya samu rabonsa. Da wata ta ce ai kyamara ba aikin mace ba ce, sai aka tuna mata da Aïcha Macky, ƴar garin nan, wadda ta yi fim kan rashin haihuwa a 2016, ta kuma yi wani mai suna Zinder a 2021 kan samarin Kara-Kara, aka nuna shi har ƙasashen waje.

Wadda ta tsayar da mu ita ce babbar cikinmu, wadda duk muke ce wa Inna. Ta ce: “Ni ban hana ba. Amma in za mu sayi akuya, muna buɗe bakinta mu duba haƙora, mu taɓa hantsa. In tukunyar Mirriya ce, muna ƙwanƙwasa ta mu ji ƙara. In atamfa ce, a jiƙa bakinta a ga ko tana zuba. To wannan abin, ta ina ake ƙwanƙwasa shi? Ni ba na cinikin biri a sama da kuɗin marayu.” Duk muka yi shiru. Aka tashi taro a kan cewa ba za a buɗe akwati ba sai an samo amsar Inna.

Ma'ajiyarmu tana da ƙanin miji, dattijo ne da ya daɗe yana ɗaukar hoto tun zamanin fim ɗin da ake wankewa. Muka aika masa, ya zo ya zauna a zaure, mu shida muka fito da ƴan matan biyu. Ya ce abin da za mu fara sani shi ne kyamara irin wannan kashi biyu ce: akwai jiki, akwai ido, wanda su masu hoto ke kira objektif, ana cire shi a mayar. Idon nan ba gilashi ɗaya ba ne. Gilasai ne a jere cikin bututu, daga shida har sama da goma, kowanne da mazauninsa. Haske ta cikinsu yake bi kafin ya kai ga farantin da ke kama hoto a cikin jiki. In ido ya lalace, komai tsadar jikin, hoton banza zai fito. Ya ce kada lambar megafiksel da ake rubutawa ta ruɗe mu, wannan lissafin farantin ne, ba ta gaya maka lafiyar ido. Ya kuma ce kowane gida da irin bakinsa: idon Canon ba ya hawa jikin Nikon kai tsaye, na Nikon ma haka.

Inna ta ce: “Malam, mun ji karatu. Ƙwanƙwasawar fa?” Ya yi dariya ya ce: “Hajiya, ku nemo tocila, da tsohuwar jarida, da kart memwar taku ta kanku, da zane mai launi da yawa, da farin mayafi. Su ne kayan aikin.” Ga abin da ya koya mana, yadda sakatariyarmu ta rubuta a kaye.

Gwajin da ake yi kafin a biya

Na farko, a riƙe idon a hannu a jujjuya. A duba bakin zoben gaba ko ya lotsa, don alamar ya taɓa faɗuwa ke nan. A duba ƙananan kusoshin da ke bayansa, in kawunansu sun ƙuje, wani ya taɓa kwance shi. Sai a murɗa zobban guda biyu, na jawo abu kusa da na daidaita gani. Su tafi sumul daga farko har ƙarshe. In an ji ƙaras-ƙaras, yashi ya shiga. In wani wuri ya cije, wani wuri ya saki, akwai matsala. In an ɗaura shi a jikin kyamara kuma, ya zauna daram, kada ya riƙa girgiɗi.

Na biyu, tocila. A cire idon daga jiki, a buɗe murfin gaba da na baya, a shiga inuwa, a haska daga baya a ɗan karkace, a leƙa ta gaba. Za ku ga ƴan ɗigon ƙura, kada hankalinku ya tashi, babu idon da ya yi aiki bai ɗauki ƙura ba, kuma kaɗan ɗinta ba ta fitowa a hoto. Abin gudu uku ne. Akwai zare-zare kamar saƙar gizo-gizo a jikin gilashi, wannan fumfuna ce, tana yaɗuwa, tana cin shafen da ke kan gilashin, kuma inda ta ci ba ya gyaruwa. Damshi ke kawo ta, shi ya sa ake yawan ganinta a kayan da suka zauna a garuruwan bakin teku irin su Kwatano da Lome da Legas kafin su iso mana. Akwai kuma hazo a ciki, kamar gilashin fitilar ƙwai da ya sha hayaƙi, shi ke sa hoto ya fito fari-fari babu armashi. Sai karce. Ƙaramin karce a gilashin gaba da sauƙi, amma a gilashin baya, wanda ke kusa da faranti, ya fi ɓata hoto.

Na uku, ƙofar haske. A tsakiyar idon akwai wasu siraran ganyayyakin ƙarfe da ke buɗewa da tsukewa, kamar yadda ƙwayar idon mutum ke buɗewa a duhu ta tsuke a rana. Lambobinta su ne ake rubutawa f/1.8, f/8, f/16. Ƙaramar lamba, ƙofa a buɗe. Babbar lamba, ƙofa a tsuke. Ganyayyakin su kasance a bushe, babu ƙyallin mai, kuma su tsuke su buɗe nan take. In suna jan jiki, hotuna za su riƙa fitowa da haske fiye da kima.

Na huɗu, jarida, kuma wannan shi ne uwar gwajin. A manna buɗaɗɗiyar jarida a bango, ta kwanta sosai. A ɗora kyamara kan tebur ko turmi don kada hannu ya yi rawa, ta fuskanci jaridar daidai, rubutu ya cika hoton baki da baki. A ɗauka da ƙofa a buɗe, a sake ɗauka a f/8. In idon mai jawowa ne, irin 18-55 da ke zuwa da yawancin waɗannan kyamarori, a ɗauka a 18, a ɗauka a tsakiya, a ɗauka a 55. Sai a girmama hoton a karanta rubutun tsakiya, sannan na kusurwoyi huɗu. Malam ya ce kusurwa ba ta kai tsakiya kaifi a yawancin idanu, wannan ba aibi ba ne. Amma dole kusurwoyin huɗu su yi kama da juna. In dama tana karantuwa, hagu ta yi dishi-dishi, to wani gilashi ya goce daga mazauninsa.

Na biyar, kama gani. A jera kofuna uku a kan tabarma, ɗaya gaba, ɗaya tsakiya, ɗaya baya, a sa kyamara ta kama na tsakiya. In na gaba ko na baya ne ya fito tar, kyamarar tana kuskuren nisa. A gwada abu na kusa, a juya ga na nesa, a ga ko tana kamawa da sauri ko tana ta kai da kawowa. A maimaita cikin ɗaki mai ƙarancin haske, don ai yawancin hotunan amarya a ɗaka ake ɗaukarsu. A ƙarshe a ɗauki fuskar mutum, a girmama, a ga ko gashin ido ya fito ɗaya-ɗaya.

Na shida, haske daga baya. A tsayar da mutum a bakin ƙofa, hasken waje a bayansa, a ɗauka. Ido mai hazo a nan yake tona kansa, duk hoton sai ya yi fari. A ɗauki rassan itace ta fuskar sama, a duba gefen rassan: ɗan layin shuɗi ko kore kaɗan ba komai, in ya yi yawa ne abin dubawa. Ya gargaɗe mu da babbar murya kada kowa ta leƙi rana ta cikin ido ko ta cikin kyamara, yana iya makantar da mutum.

Na bakwai, farin mayafi da zane. A tsuke ƙofa zuwa f/16 ko f/22, a ɗauki farin mayafi ko farin bango. In baƙaƙen ɗigo sun fito, kuma suna nan wuri ɗaya ko an canza ido, ƙura ce a kan faranti, ana share ta wurin masu gyara. Sai a ɗauki zanen mai launi a inuwa, a ajiye hoton kusa da zanen. Malam ya ce launi yawanci daga irin hasken wurin ne da saitin kyamara, ba laifin ido ba ne. Ƙwan lantarki na mai da ja wani abu dabam, shi ya sa kaya a inuwar safe ko ta la'asar ake ɗaukarsu.

Ranar da muka shiga kasuwa

Mu huɗu muka je, da ƴan matan biyu, da Inna da ta ce ƙafarta ƙafarmu. A butik na farko kyamarar tana ƙyalli kamar sabuwa, kuɗinta ma bai kai abin da muka ware ba. Yarinyarmu ta cire ido ta haska tocila, sai ga saƙar gizo-gizo a gefen gilashin ciki. Mai butik ya ce ƙura ce, in an hura za ta fita. Inna ta karɓa ta leƙa ta ce: “Ɗana, ƙura ba ta yin reshe.” Muka yi masa godiya muka fita. Araha ba ta ado.

A wuri na biyu idon fes yake, amma da muka ce za mu sa kart ɗinmu mu ɗauki jarida, mai kayan ya ce shi ba a gwada masa kaya, in za mu saya mu saya. Ba mu yi musu da shi ba, muka wuce. Mutum na uku ya ba mu kujeru, ya ba mu bango, har ya riƙe mana jaridar. Muka yi gwaji bakwai ɗin nan a gabansa, kusan awa ɗaya, a ƙaramar fuskar kyamara komai ya fito lafiya. Aka yi ciniki, aka daidaita a kan kyamara da ido 18-55 da batir da sharja.

Kafin a ƙirga kuɗi, shugabarmu ta kawo maganar da muka shirya tun gida: muna son kwana uku na gwaji, in mun ga aibi mu dawo da kaya. Wannan ba sabon abu ba ne a addini. Malamar islamiyyarmu ta karantar da mu a Risala ta Ibn Abi Zaid cewa ciniki da sharaɗin zaɓi ya halatta idan an yanka ɗan lokaci gwargwadon yadda za a gwada kayan, kuma ɓoye aibin kaya haramun ne. Mai butik ya ɗan yi jim, ya ce ya yarda, da sharaɗin kada kaya su dawo da sabon rauni. Muka ce wannan adalci ne. Sakatariya ta sa ya rubuta a resi: lambar jikin kyamara, lambar ido (kowanne da tasa, a rubuce a jikinsa), kwana uku, da ranar da za su cika. Maƙwabcinsa ya sa hannu, Inna ta dangwala.

Gwajin bayan saye

Wannan shi ne wanda yawancin mutane ba sa yi, kuma shi ya tsare mana kuɗinmu. Fuskar kyamara ba ta kai tafin hannu ba, kusan kowane hoto kyau yake yi a kanta. Malam ya ce mu maimaita komai a gida cikin natsuwa, mu duba a babbar fuska. Washegari da safe muka manna jarida a bangon gidan shugaba, muka ɗauka. Ƴan matan suka shiga Birni suka ɗauko zanen da ke fuskar tsofaffin gidaje da bangon fadar Sarkin Damagaram, don irin wannan zane mai ƙananan layuka yana nuna kaifin ido sosai. Da yamma ɗan ɗayarmu da ke karatu a jami'ar André Salifou ya kawo kwamfutarsa.

A 18 lafiya, a tsakiya lafiya. A 55, ɓarin hagu na jaridar bai karantu ba, na dama kuwa tar. Wata ta ce ƙila kyamarar ce ba ta fuskanci bango daidai ba. Malam ya riga ya ba mu maganin wannan gardama: a juya kyamara kai ƙasa a sake ɗaukar jaridar daga wuri ɗaya. In dishi-dishin ya tsaya a ɓarin jaridar da yake, tsayuwa ce ba daidai ba. In ya bi kyamara ya koma ɗaya ɓarin jaridar, laifin ido ne. Muka juya, muka ɗauka sau uku. Duk sau ukun ya bi kyamara.

Ku duba abin da wannan ke nufi a wurin biki. An jera amarya da ƙawayenta, waɗanda ke tsaye a gefe guda fuskokinsu sun dushe. Biki kuwa ba a maimaita shi don hoto bai yi kyau ba. Uwar amarya ba za ta ce ido ne ya goce ba, cewa za ta yi ƴan ƙungiyar nan ba su iya ba, kuma kun san yadda magana ke yawo a unguwa.

A rana ta biyu muka koma da resi da kwamfuta. Ba mu ɗaga murya ba, hotunan muka buɗe masa. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce wallahi shi ma haka ya karɓo shi, bai sani ba. Mun yarda da shi, don a ƙaramar fuska mu ma da muka gwada a gabansa bai fito ba. Ya ɗauko wani ido irinsa ya musanya mana, aka gyara lamba a resi, aka sake ƙirga kwana uku. Wannan na biyun ya ci gwaji a butik, ya ci a gida. Duk da haka ba mu kai shi bikin kowa ba sai da aka yi sunan jikar ɗayarmu, ƴan matan suka ɗauka kyauta, muka wanke hotuna goma a takarda muka zagaya da su a taro. A ranar ce Inna ta ce a rubuta a kaye cewa ta gamsu.

Yadda muke tsare ta

Garinmu garin ƙura ne. Da hunturu ba a cire ido a tsakar gida, sai a ɗaka, bakin kyamara na kallon ƙasa. Ba a goge gilashi da bakin zane ko mayafi, don ƙurar nan yashi ce, in an murza ta karce take yi. Ana fara hurewa da ƴar robar hura iska, sannan a shafa da ƙyallensa mai laushi. Mun sa masa wani farin gilashin kariya a gaba, in za a karce, shi ya karce. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba a barinta a rana ko cikin mota a rufe. Da damina tana kwana cikin roba mai murfi, tare da ƴan ƙullin nan masu shan damshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Kuma an hana ajiye ta a ɗakin da ake turare ko kusa da murhu, don hayaƙi na kwanciya a gilashi.

Duk wadda za ta fita da ita sai an haska tocila a gaban mutum biyu, in ta dawo a sake haskawa, a rubuta. Wannan ya raba mu da zargin juna. Jaridar nan kuma tana cikin akwati, a taron farko na kowane wata ana manna ta a ɗauka a 18 da 55, a gwada da hoton ranar farko. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kowane aiki yana komawa akwati har sai jikka 120 ta dawo, sauran na ƴan matan ne da kuɗin wankin hoto.

Ga masu sayen waya

Mun san yawancinku waya za ku saya, ba irin wannan kyamara ba, kuma wayar kirki ta isa a ɗauki kayan sana'a. Gwajin kusan ɗaya ne. Ku ɓare ledar da ke kan gilashin baya, ku goge, ku haska ku ga ko ya tsage ko akwai ƙura a ƙarƙashinsa. Ku ɗauki jarida ku duba kusurwoyi huɗu. Ku taɓa fuskar waya a kan abu na kusa, sannan na nesa, ku ga ko tana kamawa. Ku gwada cikin ɗaki, ku gwada kyamarar gaba, ku ɗauki ɗan bidiyo ku ji murya. Yawan idanu a bayan waya ba shi ne kyau ba, a wasu wayoyi masu araha wasu idanun ado ne kawai. Ku rufe su da yatsa ɗaya bayan ɗaya kuna canza saiti, za ku ga waɗanda ke ɗaukar hoto da gaske. Ku danna *#06# lambar IMEI ta fito, ku gwada da ta jikin kwali, a rubuta ta a resi.

In kun fara aiki da ita, ku matsa kusa da kaya da ƙafarku maimakon jawowa da yatsa, don jawowar tana rage kaifi. Kuma WhatsApp na matse hoto in an tura shi yadda aka saba. In mai saye na son ganin ɗinki ko saƙa sosai, ku tura hoton a matsayin takarda, zai isa yadda yake.

Duk ƙungiyar da ke shirin irin wannan saye, a nan gari ko Mirriya ko Matamaye ko Magarya, ta aiko ta hannun masu haɗa wannan takarda, ƴan matanmu za su zo da tocila da jarida su raka ku kasuwa, kuɗin kabu-kabu kawai za ku biya musu. Kada ku ji kunyar zama awa ɗaya a butik kuna gwaji, kuma kada ku fita ba a rubuta kwana uku a resi ba. Allah Ya sa albarka a zubinmu, Ya tsare mana amanar juna, Ya kai mu ranar rabo lafiya. Amin.